Daga randar Yalwa zuwa firizar Kano: Inda zafi ke ɓuya idan ruwa ya sauya kama

A watan Afrilu, lokacin da bazara ta kai ƙololuwa, baƙon da ya sauka a Yalwa ta Ƙaramar Hukumar Rano, ko a ɗaya daga cikin ƙauyukan Kibiya da ke maƙwabtaka da ita, abin da ake fara tarbarsa da shi moɗa ce cike da ruwan randa. Rana tana dukan ƙasa, ma'aunin zafi ya haura digiri 40, ƙyauren ƙarfe ba ya taɓuwa, amma ruwan nan da aka ɗebo daga ƙuryar ɗaki yana da sanyin da ke ratsa maƙogwaro. Babu wayar lantarki a jikin randar, babu janareta a bayanta, kuma ba a biya ko sisin kwabo ba.

A daidai wannan lokaci, a cikin birnin Kano, mai sana'ar ƙanƙara yana lissafin man da janaretansa ya sha cikin dare, yana mamakin yadda ruwan da ya jera a firiza ya yi sanyi ƙarara tun da wuri, amma ya ƙi daskarewa har gari ya waye. Uwargida kuma tana ƙorafin cewa tukunyar gas ɗin da aka cika kwanan nan har ta fara ɗaukuwa da hannu ɗaya.

Al'amari guda ne ya haɗa randar Yalwa da firizar Kano da murhun uwargida. Duk lokacin da wani abu zai sauya kama, daga daskararre zuwa ruwa, ko daga ruwa zuwa tururi, sai ya sha zafi mai yawa ba tare da ma'aunin zafi ya motsa ba. Idan kuma zai koma kamarsa ta farko, sai ya amayar da wannan zafin daidai wa daida. Masana kimiyyar sinadarai suna kiransa ɓoyayyen zafi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A zuwa Naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, wannan darasi na ajin sakandare ya koma maganar aljihu.

Kama uku, abu ɗaya

Ƙanƙara da ruwa da tururi duk abu ɗaya ne. Kowannensu tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, waɗanda ake kira molekul, kuma kowace ƙwaya ta ƙunshi zarra biyu na haidurojin da ɗaya ta iskar oksijin. Abin da ya bambanta su shi ne irin riƙon da ƙwayoyin suka yi wa juna.

Mai karatu ya kwatanta da filin Idi. Lokacin da aka tayar da salla, kowa yana tsaye a sahunsa, kafaɗa da kafaɗa, ba mai barin gurbinsa: wannan ita ce ƙanƙara. Da an sallame, sahu ya warware, jama'a na cakuɗe ana gaisawa, ana gogar juna amma ba wanda ya yi nisa: wannan shi ne ruwa. Can kuma kowa ya kama hanyar unguwarsu, fili ya watse: wannan shi ne tururi.

Ma'aunin zafi ba ya auna komai sai saurin motsin ƙwayoyin nan. Idan aka ɗora ruwa a wuta, ƙwayoyin suna ƙara kazar-kazar, ma'auni yana hawa. Amma da an kai gaɓar sauya kama, makamashin da wuta ke bayarwa sai ya daina ƙara musu gudu, ya koma aikin ɓamɓare su daga riƙon da suka yi wa juna. Shi ya sa ƙanƙarar da ke narkewa take tsayawa a digiri sifili har sai ƙwallonta na ƙarshe ya narke, ruwan da ke tafasa kuma yake tsayawa a wajen digiri 100 har sai tukunya ta ƙafe. Lamarin ya yi kama da ɗan kasuwar da ciniki ke shigo masa amma yana biyan tsohon bashi: kuɗi na shiga, sai dai wanda ya leƙa aljihunsa ba zai ga ƙari ba sai ranar da bashin ya ƙare.

Ana auna makamashi da kilojul, kamar yadda ake auna hatsi da mudu, kuma yunit ɗaya na wutar lantarki daidai yake da kilojul 3,600. Alƙaluma uku sun isa a fahimci sauran bayanin. Ɗaga zafin kilo ɗaya na ruwa, wato lita ɗaya, da digiri guda yana cin kilojul 4.2. Narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara yana cin kilojul 334, wanda ya isa ya ɗaga zafin wannan ruwa daga sifili zuwa digiri 80. Mayar da kilo ɗaya na tafasasshen ruwa tururi kuwa yana cin kilojul 2,260, ninki biyar da ɗoriya na abin da ake buƙata don kai shi daga sifili har tafasa.

Malamin da ya zauna kallon ƙanƙara

Wanda ya fara auna wannan ɓoyayyen zafi shi ne Joseph Black, likita kuma malamin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Glasgow da ke Sukotlan, a wajajen 1761 zuwa 1762. Ya ajiye kwano biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya da ruwa mai tsananin sanyi, ɗaya da ƙanƙara mai nauyi daidai da na ruwan. Cikin rabin sa'a ruwan ya ɗan ɗumama. Ita kuwa ƙanƙarar, sai da ta shafe sa'a goma da rabi kafin ta narke ta kai ɗumin da ruwan ya kai. Tunda ɗakin yana ba su zafi iri ɗaya, sai Black ya yi tambayar da ba a yi ba kafin shi: ina zafin sa'o'i goman nan ya shiga?

Ya kuma yi nuni da cewa da a ce dusar ƙanƙarar da ke lulluɓe duwatsun ƙasarsu tana narkewa nan take da zarar iska ta ɗumama, da ambaliya ta riƙa share garuruwa kowace shekara. Jinkirin narkewarta rahama ce. A wannan jami'a ce James Watt yake aikin gyaran kayan awo, kuma ya tattauna da Black a kan yawan zafin da tururi ke ɗauke da shi, a shekarun da yake gyara fasalin injin tururi, aikin da ya samu takardar mallakarsa a 1769.

Sirrin randa

Randa da tulu ana gina su ne da yumɓu, a gasa ba tare da an shafe jikinsu da wani abin da zai toshe su ba. Jikin nasu cike yake da ƙananan kafofi, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu a hankali, shi ya sa bayan randa mai kyau kullum yake da danshi. Busasshiyar iska tana kwashe wannan danshi, tana mayar da shi tururi.

Ruwa ba ya jiran tafasa kafin ya zama tururi, in ba haka ba da shanya ba ta bushe ba. A kowane lokaci akwai ƙwayoyin da gudunsu ya fi na saura, su ne ke tsinke riƙo su tashi. Da yake masu zafin ne ke tafiya, waɗanda suka rage sai su zama masu sanyi. A irin zafin bazara, kowace lita da ta tashi tana tafiya da kusan kilojul 2,400, kuma tana zaro shi ne daga jikin randar da ruwan da ke ciki.

Lissafin yana da sauƙi. Randar da ke ɗauke da lita 20, don ruwanta ya sauka da digiri biyar, sai an zare masa kilojul 420. Abin da zai tashi don biyan wannan bai kai rabin ledar fiya wata ba. Gaskiya ne zafin waje yana ci gaba da shiga, saboda haka randar tana ci gaba da asarar ruwa kaɗan-kaɗan don riƙe sanyinta, amma farashin bai taka kara ya karya ba.

Dabarun da mata ke yi wa randa duk a kan wannan doka suke tafiya, ko da ba su taɓa jin sunan Black ba. Ana girke ta a inuwa inda iska ke ratsawa, a dasa gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi, a rufe bakinta da faifai. Idan ta tsufa, datti da gishirin ruwa suka toshe kafofinta, sai a ce ta daina sanyi, a kankare ta ko a sayo sabuwa. Wanda ya shafe bayan randarsa da fenti ko siminti don kada ta yi yoyo, ya kashe ta da hannunsa. Salkar fatake da Buzaye, da jarkar da direbobin manyan motoci ke naɗewa da jiƙaƙƙen buhu su rataye a gefen mota, duk 'yan gida ɗaya ne da randa.

Sai dai randa tana da iyaka, kuma iyakar ita ce laimar da ke cikin iska. A bazara da hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙayau, tana karɓar tururi hannu bibbiyu. Idan zafi ya kai digiri 40 laima kuma ba ta wuce kashi 15 cikin ɗari ba, iyakar sanyin da wannan hanya za ta iya kaiwa yana wajen digiri 20 zuwa 21, ko da yake randa ba ta cika kaiwa can ba. A watan Agusta kuwa, iska ta ƙoshi da laima, ba ta da wurin karɓar ƙari, sai ruwan randa ya zama kusan ɗaya da na bokiti. Wannan ne dalilin da ya sa abin da ke aiki a Rano ba ya aiki a Legas ko Fatakwal.

Tukunya cikin tukunya

Mutumin da ya fitar da wannan tsohuwar hikima zuwa idon duniya ɗan Arewa ne. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane kuma ya koyar a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ya fara yaɗa dabararsa a tsakiyar shekarun 1990. Ana saka ƙaramar tukunya cikin babba, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba kayan gwari a ta ciki, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yashin yana tsattsafowa ta babbar tukunya yana tashi, yana zuƙe zafin abin da ke ciki. Aikin mai ita kawai ya riƙa ƙara ruwa kamar sau biyu a rana.

A shekarar 2000 ya samu kyautar Rolex ta dala 75,000, a 2001 kuma mujallar Time ta Amurka ta sa dabarar cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekara. Bayanin masu kyautar ya nuna cewa gautar da kan lalace cikin kwana uku ta kai kwana 27, tumatir da tattasai sun kai mako uku, alayyafon da kan yi yaushi a wuni guda ya kai kwana 12. Daga baya dabarar ta isa Sudan, inda aka san ta da suna zir. Shi kansa Malam Bah Abba ya riƙa jaddada cewa idan kayan miya ba sa lalacewa a rana ɗaya, ba dole ba ne a tura yarinya talla kullum a lokacin da ya kamata tana aji. Ya rasu a 2010.

Darasin ya shafi yankin Rano kai tsaye. Ruwan Dam ɗin Tiga ne ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda tumatir ke fitowa da kaka ɗaya, farashi ya faɗi warwas a kasuwar Kwanar Gafan, manomi ya sayar a yadda aka taya don gudun ruɓewa. Tukunya biyu ba za su ɗauke lodin tirela ba. Amma ga mai kason tumatir a bakin kasuwa, ko magidancin da ke son sayen kwando lokacin araha, ƙarin kwana goma na iya zama bambancin riba da faɗuwa. Kuma lokacin da tumatirin rani ke fitowa shi ne lokacin da iska ta fi bushewa, wato lokacin da dabarar ta fi ƙarfi.

Lissafin mai ƙanƙara

Azumin 2023 da na 2024 sun faɗo cikin Maris da Afrilu, kuma duk mazaunin Kano ya ga yadda ƙanƙara ta zama haja mai daraja gab da shan ruwa. Tsadarta tana da tushe a lissafi.

Ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse mai zafin digiri 30, don a kai kilo ɗaya nasa zuwa sifili, sai firiza ta zare masa kilojul 126. Daga nan don ya daskare, sai ta ƙara zare 334. Ma'ana kusan kashi uku cikin huɗu na aikin ana yin sa ne bayan ruwan ya riga ya yi sanyi. Wutar sa'a uku ko huɗu tana iya ba da ruwan sanyi, amma ba ta ba da ƙanƙara. Idan kuma aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki, abin da ya fara kamawa ya narke, sai a sake biyan bashin daga inda aka koma. Mai cika firiza maƙil da ɗumammen ruwa don haɗama yakan wayi gari da ruwan sanyi mai yawa, babu ƙanƙara ko ɗaya. Wanda ya fara sanyaya ruwan a randa ko a inuwa kafin ya zuba, ya rage wa injinsa wani kaso na aiki kyauta.

Ita firizar ma da sauya kama take aiki. A cikin bututunta akwai sinadarin da ke tafasa a ƙasa da sifili. Yana tafasa a ɓangaren ciki, ya sha zafin kayan da aka ajiye, sai kwamfuresa ta matse tururinsa ya koma ruwa a ɓangaren waje, ya amayar da zafin. Shi ya sa bayan firji ko gefen firiza yake da ɗumi. Wanda ya manna ta da bango a shagon da iska ba ta shiga, ya hana ta inda za ta zubar da zafin, sai injin ya yi ta aiki ba hutawa.

Abin da mai saye ke biya kuwa, wannan ɓoyayyen gurbi ne na kilojul 334. Mai zoɓo ko kunun aya da ke son sauke abin shanta daga digiri 30 zuwa 10, kilo ɗaya na ƙanƙara zai sanyaya mata kusan lita huɗu da rabi. Da ruwan sanyi mai digiri sifili ta zuba, kilo ɗaya ba zai wuce rabin lita ba. Sanyinsu ɗaya a ma'auni, amma aikinsu ya bambanta ninki tara. Haka nan babban dunƙule ya fi ƙananan gutsattsari daɗewa, domin fuskar da zafi ke shiga ta cikinta ta fi ƙanƙanta idan aka gwada da nauyinsa. Masu kai ƙanƙara ƙauyuka a kan babur suna naɗe ta da buhu da ɓuntun shinkafa ko garin katako ne don su rage wa zafi hanyar shiga.

Ma'aikatan rigakafi sun san wani ɓangare na wannan. Yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da 8, kuma wasu, kamar ta ciwon hanta, daskarewa na lalata su. Ƙanƙarar da ta fito daga firiza takan kai digiri 15 ko 20 ƙasa da sifili, saboda haka ake koya wa ma'aikata su bar robobin ƙanƙara a waje har sai an girgiza an ji motsin ruwa. Wannan motsi shaida ce cewa narkewa ta fara, kuma muddin ana narkewa, sanyin ya tsaya cak a sifili. Firjin rigakafi masu aiki da hasken rana kai tsaye ma haka suke: da rana suna daskarar da ruwa a jikinsu, da dare ƙanƙarar ta riƙe sanyi a madadin batir.

Murhu da tukunyar gas

A kicin ne aka fi asarar ɓoyayyen zafi. Da zarar tukunya ta tafasa, ƙara wuta ba ya ƙara wa ruwan zafi ko da digiri ɗaya. A Kano da Rano, da yake ƙasar ta ɗaga sama da gaɓar teku da kusan mita 500, ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 98, a Jos kuma wajen 96, kuma a nan zai tsaya ko da an hura masa wutar maƙera. Wake ko ganda ba su san ko wuta tana ruri ko tana lumshi ba, zafin ruwan da suke ciki kawai suka sani. Ƙarin wutar tururi kawai yake ƙarawa, tururin kuma ya bi iska da kuɗin mai gida.

Kai lita ɗaya daga digiri 30 zuwa tafasa yana cin kusan kilojul 300, ƙafar da ita kuwa ya ninka haka sau bakwai. Kilo ɗaya na gas ɗin girki yana ɗauke da kusan kilojul 46,000, kuma wajen rabinsa ne ke shiga tukunya a murhun gida. Ke nan duk litar da aka ƙafar a banza ta ci kusan giram 100 na gas. Gidan da ke yin haka sau ɗaya kullum yana ƙona kilo uku a wata, kusan rubu'in tukunya mai kilo 12.5. Maganin bai wuce rufe tukunya da murfi, rage wuta da zarar an tafasa, da auna ruwa daidai buƙata ba. Murfin yana tare tururi, ya koma ruwa a jikinsa, wani kaso na zafin ya dawo cikin girki. Tukunyar matsi kuwa tana hana tururi fita har ruwa ya kai wajen digiri 120 kafin ya tafasa, shi ya sa take nunar da wake da wuri.

Ɗanyen icce ma asara iri ɗaya ce. Sabon sare yakan kai kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma sai wuta ta fara biyan kuɗin ƙafar da wannan ruwa kafin tukunya ta samu rabonta. Kumfar da ke fita a gindin iccen da hayaƙin da ke cika ido alamar wannan biya ne. Masu dafa ruwan rake su yi mazarƙwaila sun san cewa mafi yawan makamashinsu a ƙafar da ruwa yake tafiya.

Shi kansa gas ɗin girki, a cikin tukunyarsa ruwa ne, matsi ne ya riƙe shi a haka, kuma duk wanda ya girgiza tukunyar zai ji motsinsa. Idan aka buɗe, yana tafasa a ciki, yana jan zafi daga jikin ƙarfen, shi ya sa tukunyar masu abincin sayarwa kan yi sanyi har ta yi zufa idan an daɗe ana girki. Saboda ruwan gas yana kumbura da zafi, ƙa'ida ita ce a bar gurbi a sama, kada a cika fiye da kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari, kuma kada a bar tukunya a rana ko a but ɗin mota a tsakar bazara.

Lokacin da tururi ke biyan bashi

Zafin da tururi ya sha ba ya ɓacewa, yana amayar da shi duk inda ya koma ruwa. Da wannan dambu da alkubus ke nuna a madambaci, da shi kuma matan yankin Kura da kewaye ke turara shinkafa kafin a kai ta inji: tururi yana ratsa tsabar, yana komawa ruwa a jikinta, yana sauke mata zafinsa.

Da wannan ne kuma ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni. Giram ɗaya na ruwan zafi da ya zuba a fata yana sakin abin da bai wuce jul 270 ba kafin ya huce zuwa ɗumin jiki. Giram ɗaya na tururi sai ya fara sauke jul 2,260 tukuna, sannan ya ƙara da wancan. Saboda haka a buɗe murfin tukunya ta gefen da ba ya fuskantar mutum, direba kuma kada ya kwance murfin lagireto mota tana da zafi, domin ruwan da matsi ya riƙe yana iya rikiɗa tururi a fuskarsa cikin ƙiftawar ido.

Mai tuyar ƙosai ko ƙuli-ƙuli tana fuskantar ɗaya gefen hatsarin. Man suya yakan haura digiri 170. Ɗigon ruwan da ya faɗa ciki yana nutsewa ƙasa, ya zama tururi nan take, girmansa ya ninka fiye da sau 1,600, ya watso mai sama. Wannan ne dalilin da ya sa ba a kashe wutar mai da ruwa. A kashe murhu, a rufe kaskon da murfin ƙarfe.

Daga Tiga zuwa gajimare

Abin da randa ke yi a ƙuryar ɗaki, Dam ɗin Tiga yana yin sa a fili. An gina shi tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, kuma idan ya cika, faɗin ruwansa ya kai kusan murabba'in kilomita 178. Idan kaurin milimita biyar kacal ya tashi daga fuskarsa a wuni guda, an rasa lita miliyan 890, ba tare da ta shiga gonar kowa ba. Hasken rana ne ke biyan kuɗin wannan tashi, kuma shi ya sa manomin rani ya fi cin ribar ban ruwan safiya da yamma a kan na tsakar rana.

Tururin da ya tashi daga teku da ƙasa yana hawa sama ɗauke da ɓoyayyen zafinsa. A can sama ya yi sanyi, ya koma ɗigon ruwa, ya saki zafin, zafin ya ƙara tura iska sama, wani tururin ya biyo baya. Wannan ne ke gina baƙin hadarin da ke tasowa daga gabas a farkon damina, da guguwar da ke yaye rufin kwano. Idan iskar ta cilla ɗigon ruwan can ƙololuwa inda sanyi ya wuce sifili, sai ya daskare ya faɗo a matsayin ƙanƙarar da kan farfasa ganyen dawa da masara.

Jikin ɗan Adam shi ma randa ne. Gumi ba ya sanyaya mutum sai ya bushe a fatarsa, wanda ya ɗiga ƙasa asara ce. A tsananin bazara gumi yana bushewa tun kafin a gan shi, mutum yana asarar ruwa bai sani ba. A ƙarshen Mayu da farkon Yuni kuwa, lokacin da laima ta shigo ruwan sama bai zauna ba, gumi yana kwarara amma ba ya bushewa, shi ne zafin da ke hana barci. A ranar 3 ga Afrilun 2024 birnin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, kuma wani asibiti a Bamako ya ba da rahoton ƙaruwar mace-mace a kwanakin, musamman a cikin tsofaffi. Idan zafi ya kayar da mutum, a kai shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a jiƙa jikinsa da ruwa a riƙa yi masa fifita, a kuma garzaya da shi asibiti. Ruwan da fifitar aikin randa suke yi masa.

Ga ɗan kasuwa da ma'aikacin da albashi ba ya kai shi ƙarshen wata, abin dubawa a kowane gida da shago shi ne inda ruwa ke sauya kama, da kuma wanda ke biyan kuɗin sauyin. A firiza da murhu, aljihu ne ke biya. A randa da tukunyar Malam Bah Abba, busasshiyar iskar Arewa ce ke biya, tun daga Nuwamba har faɗuwar damina. Magina tukwane na nan a kasuwannin ƙauyukan Rano da Kibiya, kuma yashi da inuwa ba a sayar da su.